Wucin gadi ba aure ba ne

Ƙanena ya gama Kwalejin Abdu Gusau ta Talata Mafara, ya shiga wani kamfani koyon aiki na wata shida. A wata na huɗu aikin dindindin ya fito masa a wani wuri. Sai gida ya ɗauka: butulci ne, a ƙarasa abin da aka fara.

Ban yarda ba. Ku tuna 'yan N-Power. Daga 2016 suna karɓar naira 30,000 a wata, a 2020 aka sallami rukunin farko da na biyu. Wanda ya ƙi aikin dindindin don kunya, wa ya waiwaye shi ranar sallama?

Wanda ya ɗauke ka na wucin gadi, shi ya fara rubuta ranar rabuwa. Haƙƙinsa a kanka uku ne: ka sanar da wuri, ka miƙa aiki da lambobin sirri a rubuce, ka yi godiya. Wanda ya sulale ba sallama, shi ne butulu.

Manomin rani a Bakura ko Maradun, in aka sako ruwan Bakolori, ba ya tsayawa ƙarasa hira. Ƙanena, ɗauki fartanyarka.