Korona ta tafi da bokitinta, kwalara tana nan

Makon jiya na je suna a unguwarmu, nan Jiratawa. Bayan an raɗa suna an shafa fatiha, aka fito da abinci, wani yaro ya zagayo da roba guda ta ruwan wanke hannu. Na ƙirga da idona, hannu goma sha huɗu ya shiga robar nan kafin ta iso gabana, ruwan ya koma kamar na kududdufi. Na ce wa yaron ya kawo mini buta da sabulu. Wani dattijo, abokin mahaifina, ya ɗago kai ya ce, "Ɗana, korona ai ta wuce. Ko ƙyanƙyaminmu kake yi?" Na ce, "Baba, Allah ya huci zuciyarka, ba ƙyanƙyami ba ne, damina ce ke tafe." Aka yi shiru, aka kawo butar, ba a samu sabulu ba a duk gidan.

Tun ranar zuciyata ke tafasa, kuma ba dattijon nan nake jin haushi ba. Abin da aka koya masa ya faɗa. An koya masa cewa wanke hannu da sabulu kayan korona ne, ya zo da ita, ya tafi da ita. Waɗanda suka koya masa haka, su nake tuhuma.

Kowa ya tuna 2020. Ranar 19 ga Maris aka tabbatar da mutum na farko mai cutar a Yamai. Kafin a ce kwabo an rufe lakwal, an rufe iyaka, an hana jam'i a masallatai, an sa dokar hana fitar dare a babban birni. A Miriya ta Damagaram matasa suka fito suka yi ƙone-ƙone saboda rufe masallatai, a Yamai ma aka yi ta artabu da jami'an tsaro cikin Afrilu, sai a watan Mayu aka buɗe masallatan. A nan Maraɗi kuwa, ko'ina ka juya bokiti ne mai famfo a gindi, da sabulu a gefe: ƙofar banki, ƙofar likita, bakin tasha, ƙofar ofishin duk wani mai muƙami. Rediyo ba ta da wata magana sai a wanke hannu, a sa takunkumi, a bar musabaha. Ban ce korona ƙarya ce ba, kuma ina jin takaicin masu faɗin haka. Ta kashe ministan ƙwadago Mohamed Ben Omar a watan Mayun 2020, ta kwashe dattawa a Kano cikin 'yan makonni, ta cika maƙabartu a ƙasashen da suka fi mu likitoci nesa ba kusa ba. Amma duk tsawon zamanta, waɗanda hukuma ta ƙirga ta kashe a Nijar ɗari uku ne da 'yan kai.

To ga abin da ke ƙona mini rai. A 2021, korona tana tsakiyar tashenta, bokitai suna jere a ƙofofin ofisoshi, kwalara ta kama mutum sama da dubu biyar a ƙasar nan, ta kashe fiye da 150 cikin 'yan watanni, kuma jihar Maraɗi ce ta fi ɗanɗana kuɗarta. Shekara uku kafin nan, a Yulin 2018, wasu 'yan gida ɗaya daga Jibiya suka iso likitar N'Yalwa suna amai da zawo. Daga nan wuta ta kama Madarumfa, gundumar da Jiratawa take ciki, ta tsallaka cikin birnin Maraɗi da sauran wurare, ta kwantar da mutum sama da dubu uku da ɗari biyar, ta kashe fiye da saba'in. Wa ya ga bokiti a bakin kasuwar ƙauye a 2018? Wa ya ji an tsayar da ƙasa cak saboda 'ya'yan manoman Gabi da Safo da Ɗan Isa?

Ita kwalarar nan ba baƙuwa ba ce da ke leƙowa ta koma. Masana lafiya suna ƙirga ta a matsayin annobar duniya karo na bakwai, wadda ta taso daga Indunusiya a 1961, ta shigo Afirka ta Yamma a 1970, kuma har yau ba a ce ta ƙare ba. Sama da shekara hamsin muna kwana ɗaki ɗaya da ita. Kakannin yaran da suka mutu a 2021 sun san ta tun suna samari. Korona kuwa, hukumar lafiya ta duniya ta sauke mata tutar gaggawa ranar 5 ga Mayun 2023, mu kuma a nan mun daɗe da sauke tamu. Bokitan suka watse. Na ga wani an mayar da shi mazubin shara, na ga wani a gidan wani ma'aikaci ana jiƙa wanki a ciki, ƙafafun ƙarfen da ake ɗora su kuwa sun yi tsatsa a bayan ofis. Wanda bai yarda ba ya ɗauki kabu-kabu gobe ya zagaya Maraɗi da Tibiri, ya ƙirgo mini wuraren da zai iya wanke hannu da sabulu ba tare da ya roƙa ba.

Dalili ɗaya na gani na wannan bambancin, kuma zan faɗe shi ko zai yi wa wani zafi. Korona tana hawa jirgin sama, tana shiga majalisa, tana kama minista da Bature, saboda haka aka zo mata da kuɗi da jandarma da sanarwa safe da yamma. Kwalara tana bin rijiya marar murfi da kashin bayan gari, ba ta cika haura katangar gidan da ke da famfo da salanga mai siminti ba. Duniya ta haɗa allurar korona cikin shekara guda. Maganin rigakafin kwalara da ake ɗigawa a baki kuwa, a Oktoban 2022 sai da masu rabon shi a duniya suka koma ba mutum sau ɗaya maimakon sau biyu, saboda bai isa ba. Cutar da ta shekara sittin tana kashe talaka, ita ce ake auna wa magani da cokali.

Kuma hanyar kwalara ba ɓoyayya ba ce. Ƙwayar tana fita cikin bayan gidan mai cutar, ta shiga ruwa ko ta maƙale a hannu, daga nan ta shiga bakin wani. Shi ke nan. Ba iska ba ce, ba sammu ba ne. Abin da ke kashewa shi ne ruwan jiki da ke tsiyayewa. Ƙato mai noma da safe, kafin la'asar idonsa ya faɗa, fatarsa ta yamushe, ka ja ta ta ƙi komawa. Idan aka mayar masa da ruwan nan da wuri, da wuya mutum ɗaya cikin ɗari ya mutu. Lita guda ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a yi ta ba shi yana kurɓa ana kan hanyar likita. Mata nawa ne a Jiratawa suka san wannan awon da ka? Da an ba shi rabin lokacin da rediyo ta ba takunkumi a 2020, da yau ko yarinya mai talla ta haddace shi. Na san gidan da suka rasa yaro ɗan shekara shida a daminar 2021. Zawo ya kama shi bayan isha'i, aka ce a bari gari ya waye tunda gulbi ya kawo kuma babu abin hawa. Akwai sukari a gidan, akwai gishiri. Ba wanda ya taɓa gaya wa uwar abin da za ta yi da su. Duk lokacin da na haɗu da ita a hanyar garka sai na kasa haɗa ido da ita.

Hukuma ta iya cewa a wanke hannu. Da wane ruwa? Kusan mutum biyu cikin uku a ƙasar nan daji suke zagayawa, domin ba su da salanga. Ruwan sama na farko yana kwashe duk abin da aka bari a bayan gari, ya gangara da shi fadama, ya cika rijiyoyin da bakinsu ke daidai da ƙasa. Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake fitowa, ya ratso Jibiya ya shigo mana, ba ya tsayawa a nuna takarda a kan iyaka, kamar yadda 'yan'uwanmu na can da na nan ba su fasa zumunci ba ko a lokacin da Najeriya ta rufe iyaka a 2019, ko a takunkumin CEDEAO na 2023. Maraɗin da muke gani a kan tudu ma, ambaliyar 1945 ce ta koro ta daga cikin kwari. A ƙarshen Agustan 2024 ruwa ya sake rusa gidaje ya kashe mutane a cikin birnin. Mun san ruwa zai zo kowace shekara, mun san abin da yake ɗaukowa. Amma sai gawa ta fara faɗuwa ake ganin farar mota da tanti da ruwan jabel. Likitocin ƙungiyar MSF sun shekara da shekaru suna aiki a Madarumfa, Allah ya saka musu, amma abin kunya ne a ce ran 'ya'yanmu yana rataye da zuwan baƙo. Ihu bayan hari ya zama tsarin aiki.

A Jiratawa abin ya fi ciwo, domin mu ba mu rasa ruwa ba. Tun shekarun 1980 aka shimfiɗa mana filin noman rani, injuna suna jawo ruwa daga ƙarƙashin ƙasa, magudanai suna kai shi garka garka. Zogalarmu ta yi suna, ana lodinta zuwa kasuwannin Maraɗi da gaba da nan. An san yadda ake kai ruwa gindin zogala, a auna shi, a raba shi da lokaci, a karɓi kuɗinsa. Wace irin ƙasa ce za ta iya wannan lissafi don ganye, ta kasa yin sa don bakin yaro?

To amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari, kuma ba zan bar mu ba. Robar sunan nan ba gwamna ya kawo ta ba. Gidan da ya yanka rago biyu ya ɗauko maroƙa, bai rasa kuɗin gutsuren sabulu ba. Muna alwala sau biyar a yini, muna taƙama mun fi kowa tsarki, alhali ruwa zalla ba ya fid da abin da ya maƙale a farce bayan an yi tsarki ko an wanke wa jariri kashi. Da hannun nan ake dama fura, da shi ake cuɗa kwaɗon zogala da ƙuli, da shi ake tsoma moɗa cikin randa, moɗar da kowa ya kafa wa baki. Ganyen an dafa shi, wuta ta gama aikinta. Hannun da ya biyo bayan wuta shi ne abin tsoro. Idan kwalara ta yi kisa kuma, sai mu taru a wanke gawa hannu tsirara, a fito a yi musabaha da jama'a, a zauna cin abincin sadaka. Wanda ya ce a yi hattara sai a ce ba shi da tawakkali. Sayyidina Umar yana kan hanyar Sham ya ji annoba ta ɓarke a can, ya yi shawara da sahabbai ya juya da jama'arsa. Wane ne a cikinmu ya fi shi tawakkali?

Na san daga ina rashin yardar ta fito, kuma ba daga sama ta faɗo ba. Mutanen ƙasar Hausa ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a Kano lokacin sanƙarau na 1996 ba. Sannan a 2020 aka zo wa talaka da kulki kafin a zo masa da bayani, aka kulle masa masallaci kasuwa tana ci. Wanda aka tilasta wa wanke hannu a gaban ɗan sanda, ranar da ɗan sanda ya tafi zai daina. Wannan ɓarnar ita muke girba yau. Amma sabulu ba allura ba ce, ba wanda ya saka masa wani abu a Turai, matanmu ma suna yin na gargajiya da tokarsu. Murfin rijiya ba makircin kowa ba ne.

Alhazan Maraɗi, ku ma ina da magana da ku. Allah ya buɗa muku, kun gina masallatai har wani yana jin kiran sallar wani, Allah ya karɓa. Ku je bayan masallatan nan ku duba inda masallata ke kama ruwa. Ku je lakwal ɗin ƙauyukanku ku tambayi mushe inda yara ɗari uku ke zagayawa. Salanga ba a manna mata allo mai sunan mai bayarwa, shi ya sa ba ta da farin jini, amma ban san sadakar da ta fi tsare ran yaro ba. Limamai kuma, huɗuba ɗaya a farkon damina, a kan buta da sabulu da awon sukari da gishiri, za ta kai inda motar lasifika ba ta taɓa kaiwa ba. Fadar Sarkin Katsina a Maraɗi da ta Sarkin Gobir a Tibiri, idan suka ce daga yau ba a zagaya roba ɗaya a wurin biki, masu gari za su ji, kuma dattijo ba zai ƙara ɗaukar butar ɗansa a matsayin zagi ba.

Hukumomin gundumomi kuwa, kuɗin harajin kasuwa da kuke karɓa kowane mako, a nuna mana salanga guda mai ruwa da aka gina da shi, wadda ke buɗe, wadda ke da mai shara. A gaya mana rijiya nawa aka ɗaga wa baki aka yi wa murfi bana, kuma a wace likita aka ajiye ƙunshin gishiri da sukari da ruwan jabel tun kafin hadari ya haɗu. Ina so in ji amsar da adadi, a rediyo, da Hausa.

Rijiyar unguwarmu har yanzu bakinta a buɗe yake, taku kaɗan tsakaninta da inda yara ke tsugunawa. Na yi magana da maigari sau biyu, ya ce a bari a ga bayan sallah. Mu biyar muka haɗa kuɗin siminti buhu uku, saura na ƙarfe da ladan magini, ga shi gabas ta fara haɗa hadari.