Tashoshin Gusau da Ƙaura Namoda: gyara ko rufe tarihi da siminti?

Tun da aka aza harsashin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi a shekarar 2021, hankalin jama'a ya koma kan sabon jirgi. Ba laifi. Sai dai layin bai ratsa Zamfara ba, kuma ba a cika jin mai tambayar makomar tsohon layin da ya taso daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya tuƙe a Ƙaura Namoda a 1929 ba.

Wannan layi shi ya mayar da Gusau babbar kasuwa. Manoman Talata Mafara da Bakura da Maradun ba su taɓa ganin jirgi a ƙofar gida ba, amma gyaɗarsu da audugarsu a tasha suke ƙarewa, bisa jakuna da raƙuma. Harshenmu ma shaida ne: tasha, tarago, tikiti, fasinja, duk baƙin kalmomi ne da suka zauna daram, har yaro bai san aro ba ne.

Abin da nake tsoro, bayan ɓarayin ƙarfe da ke kwance dogo suna sayar wa 'yan gwangwan, shi ne ɗan kwangila. A wurinmu gyara na nufin a yaɓe bango da siminti, a shafa fenti, a kira 'yan jarida. Alhali tsohon ginin dutse ko bulo da aka ɗaura da farar ƙasa numfashi yake yi: yana shan damina, ya fitar da ita da rani. Siminti kuwa yakan kulle laimar a ciki, gishiri ya taru, dutsen ya dinga marmashewa a ɓoye. Haka batun fitila. Tasha mai duhu gayyata ce ga ɓarawo, don haka a sa masu aiki da hasken rana, amma a kan turakunsu daban, kada a huda tsohon bango don ratsa waya. Tsofaffin fitilun sigina, in an samu saura, a ƙidaya su a rubuce kafin su bi dare.

An yi irin wannan a Legas, inda ƙungiyar Legacy 1995 ta gyara gidan Jaekel da ke Ebute Metta ya zama gidan tarihin reluwe.

Wa ke da alhaki? Gine-ginen na Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya ne, ayyana su kayan tarihi kuwa aikin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ne. Amma gyaran tsarin mulki na 2023 ya ba jihohi damar shiga harkar jirgin ƙasa, saboda haka gwamnatin Zamfara ba ta da sauran uzurin cewa abin na Abuja ne. Ta nemi yarjejeniya da hukumomin biyu, ta tura masana gini su auna tashoshin su ɗauki hotonsu, kafin a ba kowa kwangilar ko da buhun siminti ɗaya.