Hira a Gindin Mangwaro: Yaron da Ya Iya Dala, Bai Iya Sau Biyar Ba



Ran Alhamis da ta wuce, bayan an tashi yara, muka zauna mu uku a gindin mangwaron makarantarmu a nan Sharabi: ni, da Malama mai aji uku, da wani dattijon ikilisiyarmu wanda ya daɗe yana aikin asibiti kafin ya huta. Kowa na kukan aikinsa. Malama tana da littattafai 36 da ba ta duba ba, ni kuwa rajista na jirana, ga hedimasta yana son sakamakon gwaji kafin Litinin. Dattijo ya yi mana dariya, ya ce shi aikin da ya rage masa shi ne korar awaki daga lambu.

Sai na kawo abin da ya fi damuna. Akwai wani yaro a ajina wanda ubansa ya riga ya ce in ya sake faɗuwa a lissafi zai cire shi ya sa shi kasuwa. A ranar na rubuta 35 sau 5 a allo, na miƙa masa alli, ya tsaya yana kallon allon kamar an dasa shi.

Malama ta riƙe baki, ta ce, "Malam, wannan yaron? Ai ran kasuwa shi ke zama gaban tiren ƙuli-ƙulin uwarsa. Mutanen ƙetare na biyansa da sefa, yana ba su canji, ban taɓa ganin an cuce shi ba."

To, domin waɗanda ke nesa da iyaka, bari in yi bayani. Mu nan ƙasar Bagudo maƙwabtan Jamhuriyar Benin ne, kuɗinsu kuwa sefa. Bahaushe ba ya ƙirga sefa ɗai-ɗai, da dala yake ƙirgawa, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. In an ce dala ashirin, watau sefa 100 ke nan. Dala hamsin, sefa 250. Duk mai ciniki da dala, sau biyar yake yi a ka tun safe har yamma.

Kashegari na kira yaron na ce, "Dala talatin da biyar, nawa za a rubuta a takarda?" Ban rufe baki ba ya ce 175. Af! Ashe lissafin da ya gagare shi jiya ne ya ba ni yau, an dai sake masa riga. Na ji kunya ƙwarai, gama shekara guda ina kiran yaron nan daƙiƙi a zuciyata.

Mu koma gindin mangwaro. Dattijo ya ce su a zamaninsu lissafin kuɗi ya fi haka wuya, kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya, har ran 1 ga Janairu 1973 da naira ta zo aka ce fam ɗaya naira biyu. Shi ya sa jaka, wadda dā fam 100 ce, ta zama naira 200. A ƙetare kuma jaka sefa 1,000 ce, watau dala 200. Sa'an nan ya juyo ya ce, "Amma ɗana, ƙarfe nawa kake koyar da lissafin nan?" Na ce bayan tara, Baba. Ya ce, "Me yaran suka ci a tara?"

Na yi shiru, domin na san amsar. Waɗansu sun fito gida da ɗan koko tun asuba, waɗansu ko shi babu. Masu kuɗin tara kuwa, alewa da biskit da ruwan leda mai launi suke saya. Zaƙi ya ɗan ɗaga su, kafin sha ɗaya da rabi kawuna sun kwanta a kan benci.

Nan Baba ya koma ma'aikacin asibiti. Ya ce yaron da jininsa ya yi ƙaranci kullum a gajiye yake, ba ya riƙe abin da aka koya masa. Uwa ta ja fatar idon ɗanta ta ƙasa ta duba. In ta ga fari fat maimakon ja, ta kai shi a gwada jini, a kuma ba shi maganin tsutsar ciki. Abincin da ke gina jini kuwa yana cikin gidajenmu: wake, gyaɗa, zogale, gero, da kifin Kwara da ke kusa da mu, ko busasshe ne. Hatsi kaɗai ba ya cika aikin gina jiki, amma in an haɗa shi da wake ko ƙuli-ƙuli sai su cike wa juna. Ɗan tumatir ko lemo yana taimakon jiki ya ɗebi abin da ke gina jinin, shayi a kan abinci kuwa yana tare shi. Malama ta ce kwaɗon zogale da ƙuli ba ya lalacewa kafin tara, haka ɗanwake da dafaffen dankali. Ni dai na ƙara da cewa a sa a kwano mai murfi, gama ƙudan makaranta ba sa zuwa hutu.

Gaskiya ne a 2016 Gwamnatin Tarayya ta fara shirin ciyar da 'yan aji ɗaya zuwa uku, a kan naira 70 kowane yaro a rana. Amma na makarantun gwamnati ne, irin tamu ba ta ciki. Saboda haka wannan kaya namu ne, mu iyaye.

Baba ya tuna mana da Yohanna sura 6, inda gurasa biyar da kifi biyu na wani yaro suka ciyar da maza wajen 5,000, aka kwashe ragowa kwando 12. Ya ce shi abin da ke ba shi sha'awa, a cikin taron nan duka yaro ne aka samu da guzuri, kuma lalle wani ne ya ɗaura masa a gida. Malama, da yake malama ce, ta ce Markus ya nuna an zaunar da su ɗari-ɗari da hamsin-hamsin, don haka za ta tambayi ajinta ƙungiya nawa za a samu in duka hamsin-hamsin ne.

Ga abin da muka shirya. Zan roƙi hedimasta a mai da lissafi darasin farko na safe. Malama za ta kai wa zumuntar mata magana, ko kowane gida zai ba da wake kaɗan yanzu da yake kaka ce, a riƙa dafa wa yara sau biyu a mako. Uban yaron nan kuwa na je na same shi a gona. Bai ce ya fasa ba, ya dai ba ni zuwa ƙarshen zangon nan.

Yara, ga naku. Malama ta auna ta ga gwangwanin madara ɗaya na wake ya ishi yara biyu. Yaranta 36 ne, za a dafa sau biyu a mako, har mako 12. Gwangwani nawa ake bukata? In kun samu, ku roƙi Mama ta bar ku ku auna gwangwani nawa ke cika mudun gidanku, ku faɗi mudu nawa ke nan. Ku rubuto ta hannun edita, tare da sunan kasuwarku, gama mudun wani gari ya fi na wani.