Korona: Abin da mace-macen Kano suka fallasa game da kulle da gwaji a Najeriya

A ranar Litinin 8 ga watan Yunin 2020, Ministan Lafiya na lokacin Osagie Ehanire ya fitar da sakamakon binciken mace-macen da suka girgiza Kano a watan Afrilu. Ya ce an ƙirga mutum 979 da suka rasu a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, kuma mai yiwuwa kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na mace-macen na da alaƙa da cutar korona.

Wannan na nufin kusan mutum 500 ke nan ko fiye. Amma a allon da hukumar NCDC ke wallafawa kowane dare a lokacin, waɗanda aka tabbatar korona ta kashe a Kano ba su kai 60 ba.

Wannan tazara ce ya kamata ta zama tushen muhawarar da aka tafka a lokacin kan a buɗe gari ko a ci gaba da kulle. Masu cewa a buɗe da masu cewa a rufe duk sun riƙa kafa hujja da alƙaluman hukuma, alhali alƙaluman na nuna yawan mutanen da aka samu damar gwadawa ne kawai.

Yadda Kano ta shiga duhu

An tabbatar da mutum na farko mai korona a Kano ranar 11 ga Afrilu, makonni shida bayan ɓullar cutar a Legas ranar 27 ga Fabrairu. Gwamnan jihar na lokacin Abdullahi Umar Ganduje ya kafa dokar kulle daga 16 ga wata.

Bayan 'yan kwanaki sai ɗakin gwaji ɗaya tilo da jihar ke da shi a lokacin, wanda ke Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ya dakatar da aiki. An danganta hakan da ƙarancin sinadaran gwaji da kuma kamuwar wasu ma'aikatan wurin.

A daidai waɗannan kwanakin ne masu haƙa kabari suka fara shaida wa manema labarai cewa gawarwakin da ake kawowa sun ninka abin da suka saba gani. Gwamnatin jiha ta ce hawan jini da ciwon suga da sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro ne ke kashe mutanen.

Babu wanda ya iya tabbatar da wannan bayani ko ya ƙaryata shi nan take, domin ba a gwada mamatan ba. Musulmi na binne mamaci cikin 'yan sa'o'i, kuma binciken ministan ya nuna fiye da rabin mutanen a gida suka cika. Daga baya sai da masu bincike suka bi gida-gida suna tambayar iyalai irin alamomin da mamacin ya nuna kafin rasuwarsa.

Akwai kuma waɗanda korona ta kashe ba tare da ta kama su ba. Da likitoci da ma'aikatan jinya suka fara kamuwa, asibitoci da dama sun rage karɓar marasa lafiya, wasu masu zaman kansu suka rufe ƙofa. Dattijo mai ciwon suga da aka mayar gida daga bakin asibiti ba zai taɓa shiga lissafin NCDC ba.

Gwajin da bai kai ko'ina ba

Lokacin da cutar ta shigo, ɗakunan gwaji biyar kacal ke iya gano ta a ƙasa mai mutum kusan miliyan 200. Gwajin na buƙatar a ɗauki samfur daga hanci ko maƙogwaro, a kai shi ɗakin gwaji cikin sanyi, a yi amfani da sinadaran da ake sayowa daga waje a lokacin da duk duniya ke rububinsu. Sakamako kan ɗauki kwanaki.

Saboda ƙarancin kayan, da farko an taƙaita gwajin ga masu alamomin cutar da suka dawo daga ƙasar waje ko suka yi mu'amala da wanda ya kamu. Ɗan kasuwar Kantin Kwari da bai taɓa hawa jirgi ba yana iya yin tari da zazzaɓi har ya warke ko ya rasu ba a lissafa shi ba.

A ƙarshen Afrilu, NCDC ƙarƙashin Dokta Chikwe Ihekweazu ta ce tana son gwada mutum miliyan 2 cikin wata uku. Zuwa watan Yunin 2020 an ci kusan rabin wa'adin, amma gwajin bai kai 100,000 ba. Ghana, mai mutum kusan miliyan 30 a lokacin, ta riga ta wuce 200,000.

An samu ci gaba a Kano, inda aka ƙara wuraren gwaji, ciki har da wanda Gidauniyar Dangote ta samar. Sai dai a jihohin Kogi da Kuros Riba gwamnatoci sun yi ta sa-in-sa da NCDC kan batun gwajin, suna cewa jihohinsu lafiya lau suke. Jihar da ba ta gwaji kuwa dole allonta ya fito fes.

Kullen da yunwa ta karya

Masu neman a buɗe gari a lokacin na da hujja mai ƙarfi. Mafi yawan mazauna birane sai sun fita suke samun na cefane: ɗan dako, mai Adaidaita Sahu, mai shayi, mai wankin hula. Kullen Kano ya faɗo cikin azumin Ramadan, wanda aka fara ranar 24 ga Afrilu, kuma gidaje da yawa sun ce ba su ga kayan tallafin da aka yi ta sanarwa ba.

Tilasta dokar ma ya zo da nasa rashin. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta ce jami'an tsaro sun kashe mutum 18 a makonni biyun farko na kulle a sassan ƙasar, adadin da ya zarce na waɗanda aka tabbatar cutar ta kashe a lokacin.

Ranar 27 ga Afrilu, Shugaban Ƙasa na lokacin Muhammadu Buhari ya sanar da sassauta kulle a Legas da Ogun da Abuja daga 4 ga Mayu, ya kuma rufe Kano baki ɗaya na mako biyu. Ba a jima ba gwamnatin jihar ta ware ranakun fita sayen abinci. Sakamakon shi ne jama'ar da a da ke zuwa kasuwa a warwatse cikin mako sai suka dunƙule cikin 'yan sa'o'i.

Daga nan aka ba da damar sallar Juma'a da ta Idi a Kano, sannan daga 2 ga Yuni gwamnatin tarayya ta amince a buɗe masallatai da coci-coci bisa sharuɗɗa. A lokacin makarantu na rufe, haka ma zirga-zirga tsakanin jihohi, duk da cewa gwamnonin Arewa da kansu sun yi ta jigilar almajirai daga jiha zuwa jiha, kuma Kaduna da Jigawa sun ce sun samu masu cutar cikin yaran da aka mayar musu.

Amfanin kulle shi ne gwamnati ta samu lokacin tanadar wuraren gwaji da gadajen killace marasa lafiya da kayan kariyar likitoci. Talaka ya biya kuɗin wannan lokaci da yunwarsa, saboda haka yana da haƙƙin ya tambayi abin da aka tanada.

Me ya sa jama'a ba su yarda ba?

Sunayen da aka fara ji manya ne: Gwamnan Bauchi Bala Mohammed, Gwamnan Kaduna na lokacin Nasir El-Rufai, da Shugaban Ma'aikatan Fadar Shugaban Ƙasa Abba Kyari, wanda ya rasu ranar 17 ga Afrilu. Nan aka fara kiranta cutar masu kuɗi.

Da gwamnatin tarayya ta bai wa Legas naira biliyan 10, Ganduje kuma ya nemi biliyan 15, sai zargin cewa korona hanyar neman kuɗi ce ya samu gindin zama. Kano kuma ba ta manta da gwajin maganin Trovan na kamfanin Pfizer a kan yara a 1996 ba, wanda ya taimaka wajen ƙauracewa rigakafin shan inna a 2003. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Da hukuma ta ce ba korona ba ce a Afrilu, sannan wata hukumar ta ce ita ce a Yuni, mai shakka ya ƙara samun abin faɗa. Wanda bai yarda ba kuwa ba zai kai kansa gwaji ba, ba kuma zai sa takunkumi ba.

Abin dubawa kafin a ƙara buɗewa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da ma'auni a watan Mayu: kafin a sassauta, waɗanda ake samu da cutar su kasance ƙasa da kashi 5 cikin ɗari na waɗanda aka gwada, har tsawon mako biyu. A Najeriya a lokacin, fiye da mutum ɗaya cikin kowane goma da aka gwada ne ke fitowa da ita.

A lokacin, komawa cikakken kulle abu ne mai wuya, domin babu abincin da za a riƙe mutane da shi a gida. Abin da ya rage wa gwamnatoci a lokacin shi ne kowace jiha ta riƙa bayyana yawan gwajin da ta yi a kullum tare da yawan masu kamuwa, a fara ajiye rijistar binne mamata a manyan maƙabartu, a kuma tabbatar asibitoci sun daina mayar da marasa lafiya gida.

A wancan lokacin, batun buɗe makarantu da hanyoyin jihohi na nan tafe. Iyayen da za a ce su mayar da 'ya'yansu aji na da damar su fara tambayar gwamnansu mutum nawa aka gwada a ƙaramar hukumarsu a makon da ya wuce.