Zafin duniya ya shigo kasuwa, mu dubi icen da muke saye

 Kwanan baya ina cikin gabatar da shirina na rediyo, sai wata baiwar Allah mai tuyar ƙosai daga Gangara ta bugo waya, ta ce: "Ɗana, kullum kuna ce mana canjin yanayi, canjin yanayi. Ni dai abin da na sani, wake ya yi tsada, mai ya yi tsada, icen da nake hura wuta da shi ma ya fi ƙarfina. Wannan canjin naku, a wace rumfa yake zaune?" Na yi dariya a lokacin, amma da na koma gida tambayar ta hana ni sakat, domin kuwa amsarta tana cikin maganarta. A rumfarta yake zaune, cikin tiyar wake da damin ice.

Bari in fara da bayanin abin a sauƙaƙe. Kowa ya san yadda mota take idan an rufe gilasanta an bar ta a rana: hasken rana ya shiga, zafi kuma ya kasa fita. To haka sararin samaniya yake yi wa duniya. Akwai wasu iskoki da ke riƙe zafi, babbarsu ita ce iskar kabon da ke fita idan an ƙona fetur, gazwal, kwal ko ice, sai kuma mitan da ke fita daga rijiyoyin mai da gaz, da cikin shanu, da fadamun shinkafa. Da babu su sam, da sanyi ya hana rayuwa a doron ƙasa. Matsalar ita ce yawa. Kafin zamanin masana'antu, iskar kabon kashi 280 ce cikin miliyan na iskar da muke shaƙa, yau ta haura 420. Shi ya sa shekarar 2024 ta zama mafi zafi tun da aka fara auna zafin duniya.

Wani zai ce to in zafi ne, me ya kawo ambaliya? Masana sun nuna cewa duk lokacin da iska ta ƙara zafi da digiri ɗaya, tana iya ɗaukar ƙarin danshi kusan kashi 7 cikin 100. Idan ta tashi saukewa, sai ta juye shi gaba ɗaya. Mun gani da idonmu a daminar 2024, lokacin da ruwa ya kashe mutane sama da 300 a Nijar, jihar Maraɗi tana cikin waɗanda suka fi jin jiki, har aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen watan Oktoba. A watan Afrilu na shekarar 2024 kuma, zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. Ruwan da ke zuwa a guje ba ya jiƙa gona yadda ya kamata, wanke ta yake yi, ya rushe rumbu, ya yanke hanya. Hanya kuwa in ta yanke, mai mota ya ƙara kuɗi, dillali ya ƙara, kuma a kan mai sayen tiya ɗaya lissafin yake ƙarewa.

Gaskiya ce ba mu muka ɗora wa duniya wannan kaya ba. Afirka baki ɗaya ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na iskar kabon da ake saki kowace shekara. Sin da Amurka da ƙasashen Turai su ne manyan masu hayaƙi. An yi yarjejeniya a Paris a 2015, an amince da asusun biyan asara a Masar a 2022, an yi alkawarin dalar Amurka biliyan 300 a shekara a taron Baku na 2024. Haƙƙinmu ne, kuma ya kamata hukumominmu su bi shi ba tare da jin kunya ba. To amma ku 'yan kasuwa kun fi kowa sanin bambancin kuɗin hannu da bashi. Wanda ya zauna jiran bashin da ke hannun mai ƙarfi, sai ya rufe rumfa kafin a biya shi.

Abin da ke hannunmu kuwa, a nan ƙasar Agye da Gazawa aka gwada shi har duniya ta zo koyo. Dattawanmu suna tuna yunwar 1984, wadda ake kira El Buhari. A wancan lokaci gonaki sun zama fili fetal, iska tana binne shuka da rairayi, manomi ya yi shuka sau biyu ko uku kafin ta kama. A shekarar ce aka yi babban taron yaƙi da hamada a Maraɗi, zamanin Seyni Kountché. Tun a 1983 wani Bature ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, da ke aiki a yankin Maraɗi, ya lura cewa kututturan da muke sarewa kowace shekara wajen sassabe ba su mutu ba, saiwarsu tana raye a ƙasa. Idan aka zaɓi tsiro biyu ko uku masu ƙarfi aka bar su, aka datse sauran, cikin 'yan shekaru sai su zama itatuwa. Wannan shi ne sassaben zamani. Babu reno a leda, babu ban ruwa, sai lauje da haƙuri.

Manoma suka ɗauka, maƙwabci yana koya daga maƙwabci. Masu bincike da suka gwada hotunan sama na da da na yanzu sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, da itatuwa kimanin miliyan 200. A Ɗan Saga, nan cikin gundumar Agye, mutanen gari sun kafa kwamitin tsaro wanda ya haɗa maza da mata da makiyaya, don kada wani ya shiga gonar wani da gatari. A 2020 gwamnati ta fito da doka a kan sassaben zamani, wadda ta tabbatar wa manomi haƙƙin amfana da itacen da ya rena a gonarsa.

Ku dubi gawo kawai. Da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa hatsi rana, ganyen ya zama taki, 'ya'yansa kuma dabbobi su ci da rani. Kalgo da sabara suna karya ƙarfin iska, su riƙe ƙasa idan ruwa ya zo da gudu. Magarya da aduwa da kuka kuwa, iyayenmu mata sun san abin da suke kawowa a faifan talla. Kuma kowane itace da ya girma yana zuƙe iskar kabon ɗin nan ya adana ta a jikinsa.

To ga inda maganar ta dawo kanmu. Manomi yana renon itace shekara biyar, ɓarawo ya sare shi a dare ɗaya. Don me yake sarewa? Don ya san da safe akwai mai saye, kuma ba za a tambaye shi daga ina ba. Mai tuya ta san ɗanyen ice da busasshe tun daga nesa. Dillalin ice ya san reshen da aka datsa, ya san gindin da aka tumɓuke da saiwarsa. Ranar da kasuwa ta daina karɓar saiwa da ɗanyen gindin gawo, ranar ce gatarin dare zai rasa ciniki.

Na san abin da za a ce mini: wanda ya ƙi saye, na kusa da shi zai saya, kuma icen sata ya fi araha. Haka ne, shi ya sa ba aikin mutum ɗaya ba ne. Muna da sarakunan kasuwa, muna da ƙungiyoyin mata masu adashi. Kamar yadda ake haɗa kai a ƙi mai algus a awo, haka za a iya haɗa kai a ce ice sai na datsa, kuma daga hannun mai gona ko wanda ya aiko. Hukumar gari da ma'aikatan gandun daji su tsaya bayan wannan shawara, su daina wahalar da manomin da ya kawo reshen gonarsa, su sa ido a kan amalanken da ke shigowa kafin asuba.

Ga iyayenmu mata kuma, murhun duwatsu uku mafi yawan wutarsa iska yake dafawa. Murhun laka mai rufi, ko na ƙarfe irin Mai Sauƙi, yana rage cin ice, ya rage hayaƙin da ke cin ido da ƙirji. Zubi ɗaya ko biyu na adashi ya isa a sayo shi, ribarsa kuma kullum ce. Alhazanmu masu sayen hatsi su ma su yi lissafi: gonar da ke da itatuwa ita ce ke cika buhu a shekarar da ruwa ya yi gardama, saboda haka kare ta kare jari ne.

Ruwa na Allah ne, babu mai musun haka. Amma Hausawa sun ce Allah ya ce tashi in taimake ka, kuma iyayenmu da suka ga El Buhari sun tashi, inuwar da muke sha yau a hanyar Gangara shaida ce. Kada a ce a hannunmu, saboda rangwamen dala biyar, ta koma toka. Ranar kasuwa mai zuwa, kafin ki miƙa kuɗin ice, Hajiya, juya damin ki duba gindinsa.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa wa kasuwa albarka, amin.