Hoton ƙashi: rabin aikin yana hannunka

Idan an gwada ka an ga ciwon daji a furostat, wato ɗan naman nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, likita yana iya tura ka Yamai a yi maka hoton ƙashi. Ana yin sa a cibiyar IRI ta Jami'ar Abdou Moumouni. Wannan ciwo idan zai yaɗu, ƙashi yake fara nema: ƙugu, gadon baya, haƙarƙari. Maganin wanda ciwonsa ya tsaya wuri guda dabam yake da na wanda ya kai ƙashi. Saboda haka hoton da bai fita sosai ba yana iya sa a ɗora ka kan maganin da ba naka ba, ko a ce ka sake dawowa, da kuɗin mota da na masauki.

Mutane da yawa suna cewa kyan hoto aikin na'ura ne da ma'aikata. Ni ina ganin rabinsa naka ne, Baba.

Ga yadda abin yake. Za a yi maka allura a jijiya da wani magani mai fitar da haske wanda ido ba ya gani. Sai ka jira awa 2 zuwa 4. A cikin wannan jira wani kashi na maganin yana manne wa ƙashi, ya fi taruwa inda ciwo yake. Sauran kuwa ƙoda ce ke tace shi ya fita ta fitsari. Idan ba ka sha ruwa ba, ragowar nan tana zama cikin jini da nama, hoton ya fito kamar gari ranar hazo.

Na san dalilin da ya sa dattawa ke gudun ruwa. Fitsarin ma da ƙyar yake fita, ga kunyar tashi sau biyar a gaban jama'a. Amma duk wanda ke zaune a bencin nan abin da ya kawo ka shi ya kawo shi. Ka sha kofi 4 zuwa 6, sai dai in an taƙaita maka ruwa saboda ciwon zuciya ko ƙoda, to ka faɗa tun kafin allura. Abinci ma ka ci, ba a hana ba.

Dab da shiga, ka je ka yi fitsari har iya ƙoƙarinka. Mafitsara cike tana haske ƙwarai, tana kuma rufe ƙashin ƙugu, daidai wurin da aka fi son gani. Ka yi tsarki da kyau. Ɗigon fitsari a wando ko a cinya yana fitowa a hoto kamar tabon ciwo, shi ya sa ya kamata ka zo da wando na biyu. Mai robar fitsari ya sa a juye jakar.

Ka cire ƙarfen bel, makulli, canjin aljihu, da laya ko guru mai ƙarfe. Ƙarfe yana tare hasken. Sannan ka kwanta shiru wajen rabin awa ko fiye. Idan baya na ciwo, ka nemi maganin rage zafi tukuna, ya fi ka riƙa juyi a kan gado.

Kada ka ɓoye tsohuwar karaya, ko da mai ɗori ne ya gyara ta, ko haƙorin da aka cire kwanan nan. Su ma suna haske.

Ranar da aka ba ka kuma kada ka makara. Maganin ba ya ajiyuwa: kowace awa 6 rabin ƙarfinsa ke tafiya. Wannan ne ma ya sa ba ya daɗewa a jikinka. Ranar dai ka ci gaba da shan ruwa, ka bar ɗaukar jikoki a cinya, ka ɗan nisanci mai ciki har washegari.