Wa ya saƙa tabarmar Madawa?

Duk lokacin da aka tada maganar tara ayyukan fasahar zamani a jami'a, sai ka ji wasu masu ilimin boko sun ce zauren nuni na zanen fenti ne da sassaƙa, tabarma kuwa wurinta kasuwa. Faransanci ya ba su kalmomi biyu, art da artisanat, suka riƙe su tamkar aya. Ni da nake koyar da harshen nan ina cewa wannan rabo bai dace da ƙasarmu ba, zalunci ne da aka sa wa rigar ilimi.

Mu duba Zariya, inda aka daɗe da yin wannan gardama. A 1958, ɗaliban zane na kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 suka kafa ƙungiya, cikinsu har da Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Yawancin malamansu Turawan Ingila ne. Ɗaliban suka ƙi kwaikwayo tsantsa, suka ce a haɗa dabarar da aka koya a aji da abin da aka gada a gida. Okeke ya koma ga uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango. Yau ayyukansa suna manyan gidajen nuni na duniya, sashen zane na Zariya kuma yana da zaurensa da lambun sassaƙe-sassaƙe inda ɗalibi ke ganin aikin magabatansa. To amma matan da aka ɗebo zanen daga hannunsu, nawa ne aka rubuta sunansu?

Wannan tambaya ta shafe mu. Tabarmar kaba ta Madawa ta yi suna a Nijar da ƙetare. Ana yaba launinta, ana shimfiɗa wa baƙi, ana rataye ta a bango don ado. Amma ka tambayi mai ita wa ya saƙa, sai ya ce “mutanen Madawa”. Gari ba ya saƙa. Mace ce ta zauna ta rina kaba, ta zaɓi launi, ta ƙirƙiro zubin da maƙwabciyarta ba ta yi ba. A raye take, a bana ta yi aikin. In wannan ba fasahar zamani ba ce, wane zamani ake nufi?

Masallacin Yama, a nan jihar Tawa, hujja ne. Falke Barmu ya fara gina shi da laka a 1962, ginin ya sami kyautar Aga Khan a 1986. Da ba a rubuta sunan maginin ba, da yanzu ana cewa “ginin gargajiya” kawai.

Don haka kiranmu ga Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa, mai ɗauke da sunan masanin da ya rubuta tarihin Adar: ta tara zanen fenti na matasanmu, ta ajiye shi kafaɗa da kafaɗa da tabarmar Madawa da aikin dukawa, magina tukwane da masu zanen ƙwarya na Buza da Keita. A sayi kowane aiki da kuɗinsa, a rubuta sunan mai shi da garinsa da shekarar da ya yi shi. Tarin da babu sunaye rumbun kaya ne.

Za a ce babu kuɗi. Ɗaki guda, rajista guda da maganin gara ba su fi ƙarfin jami'a ba. Za a ce addini ya hana surori. Ina surar mai rai a jikin tabarma? Abin tsoro na gaske shi ne tabarmar roba da ta cika kasuwa, da ƴan matan da ba su ga dalilin koyon sana'ar da ba ta kawo suna ba.

Malamai da ƙungiyoyin raya al'adu, kada mu jira. Kowane aji ya rubuta sunayen gwanayen garinsa da zubin da aka san su da shi, mu miƙa wa jami'a. Allah ya sa mu yi tun masu hannun suna raye.